Tambaya da Amsa: Kafin birkila ya shafe bangon nan

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ina gini a Millennium City, ɗaki huɗu da falo biyu, ɓangarena daban na iyali daban, sai ɗakin samari a baya. An gama rufi, wata mai zuwa za'a fara filasta in Allah ya yarda. Ƙanina ya dame ni wai in sa wayoyin intanet a cikin bango, shi kuma mai wayarin ɗina ya ce ɓarnar kuɗi ne tunda yanzu komai waifai ne. Wa zan bi a cikinsu? — Wani magidanci, Unguwan Dosa

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa a gama lafiya. Ka bi ƙaninka. Mai wayarin ba ƙarya ya yi ba, wayar hannu da waifai take aiki, amma shi waifai ɗin ai ba daga sama yake faɗowa ba, wani abu ne ke kai shi inda yake, kuma a irin ginin da muke yi a Kaduna, bulo inci tara, ga linta ga rodi, wani ma da dekin, rauta ɗaya (na'urar da ke watsa waifai) a falonka ba zata taɓa kai ɗakin uwargida da ƙarfinta ba balle ɗakin samari. Rautocin yanzu layi biyu suke fitarwa, 2.4GHz da 5GHz, na biyun ya fi gudu amma bango biyu ya ishe shi ya galabaita, na farkon ya fi ratsa bango amma ba shi da saurin ɗan'uwansa kuma duk maƙwabta a kansa suke. Shi yasa zaka ga yaro ya fito tsakar gida ya ɗaga waya sama kamar mai neman wata.

Ni na ga wannan a gidan yayana a Kinkinau. An gama gida tsaf, fenti ruwan madara, silin POP da fitilu, sai bayan sun tare aka ga ɗakin Hajiya ko ɗigon sabis babu. Ranar da aka zo gyara ina wajen, yaro ya sa injin yanka a bango, ƙura ta turnuƙe falo, an lulluɓe kujeru da zannuwa amma duk da haka sai da ta shiga har cikin kwanukan kicin, matar gidan ta tsaya bakin ƙofa ta riƙe haɓa ko uffan bata ce ba. Har yau in rana ta hasko ta taga kana ganin layin da aka cike, fentin bai zo ɗaya ba.

Toh abin da zaka yi yanzu ba sayen na'urori bane, bututu ne. Bututun roba na wayarin, amma ka ce a sa mai 25mm ba mai 20mm ba, kuma nasa daban, kar a cusa wayar intanet cikin bututu ɗaya da wayar wuta. A bar kamar ƙafa ɗaya tsakaninsu in zasu jera, in kuma dole su haɗu to su gitta juna kawai su wuce. Ka zaɓi wuri ɗaya a tsakiyar gida, ƙaramin sito ko wani lungu a korido mai shan iska, duk bututun su taru a nan, nan ne rauta da suwic (akwatin da ake jona wayoyin intanet ɗin duka a jikinsa) da na'urar ɗaukar hoton kyamara zasu zauna. Kar ka sa a kicin, kar ka sa cikin silin inda zafin watan Maris zai dafa su, kuma a yi masa ɗan akwati mai murfi saboda ƙurar hunturu. Soket ɗin wurin a ɗora shi kan layin inbata, kayan basu cin wuta, rauta watt 10 ne ko ƙasa da 20, amma in kowane ɗauke wuta sai sun mutu sun tashi to kyamara ma bata da amfani.

Daga wannan wurin a ja waya biyu zuwa bayan kowace talabijin, ɗaya zuwa kowane ɗakin kwana, ɗaya zuwa silin koridon ɓangarenka ɗaya zuwa na iyali (nan za'a manna faifan waifai, wanda ta wayar intanet ɗin yake samun wutarsa, PoE ake ce masa, ba sai an kai masa soket ba), sai kusurwoyin gida da bakin get saboda kyamara. Sannan bututu ɗaya fanko da ya hau rufi, ɗaya fanko da ya fita katangar bakin titi. Na rufin saboda Starlink (intanet ta tauraron ɗan'adam) ko eriyar 5G, ka tuna Starlink sai 2023 ya shigo Najeriya, waɗanda suka yi gini kafin nan ba wanda ya yi lissafinsa, yanzu ta taga suke shigo da wayar. Na titin kuma saboda ranar da fayiba, wato wayar intanet ta gilashi, zata iso layinku. A zura igiya a cikin fankon a bar ta, ranar buƙata sai a ɗaura waya a ja.

Wayar kuma Cat6 zaka saya. Tana ɗaukar gudun intanet na gigabit ɗaya har mita 100, a gajeren zango kamar mita 50 ma tana iya kai gigabit goma, ya ishe ka har jikoki. Kwali ɗaya mita 305 ne. Amma nan ne ake cutar mutane, kasuwa cike take da wadda ake kira CCA, alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, a ido ba zaka bambance ba kuma ta fi araha. In ka je saye, ko a kasuwar Sheikh Gumi ko shagunan Ahmadu Bello Way, ka ce a feɗe maka bakin wayar, zaka ga silli takwas an murɗe su bibbiyu, ka ɗau ɗaya ka kankare da reza. In cikin ya fito fari to ka ajiye musu kayansu. Tana saurin karyewa wajen ja, kuma in aka ɗora mata kyamara mai cin wuta ta waya tana zafi.

Ɗakin samari na baya shi ne inda nake ɗan jin tsoro. Kar a rataya waya a sama daga gini zuwa gini, damina a garin nan ka san yadda take zuwa da tsawa, waya ɗaya da ke lilo a waje zata iya kwaso maka abin da zai ƙone suwic da talabijin gaba ɗaya. A binne ta cikin bututu, in da hali ma wannan zangon a sa fayiba tunda ita gilashi ce wuta bata bin ta. Kuma a toshe bakin bututun, ɓera na son wayar nan kamar ƙuli-ƙuli.

Ranar da aka gama jan wayoyin, kafin birkila ya ɗau cokali, ka zagaya da wayarka ka ɗau hoton kowane bango. A rubuta sunan ɗaki a bakin kowace waya, kuma kar ka cika kuɗin aiki sai an gwada kowacce da ɗan injin gwaji ka ga fitilu takwas sun kama a jere.

Malam barka da aiki. Mu matsalarmu talabijin ce, maigida ƙwallo, yara katun, ni kuma ina son finafinaina, kullum rigimar rimot. Sannan ina son in an kunna karatu ko tafsiri da azumi in riƙa ji a kicin da tsakar gida ba sai na ɗauko waya da hannun miya ba. Muna shirin yin kwaskwarimar gida. — Uwar yara huɗu, Malali

Hajiya barka kadai. Kin haɗa abu biyu, bari in raba su.

Na talabijin, ki fara tambayar kanki abu ɗaya ake so a gani a ɗakuna da yawa ko kowa nasa. Ga dukkan alamu kowa nasa ne, don haka raba hoton dikoda ɗaya ba zai kashe rigimar ba, zai yaɗa ta ne zuwa ɗakuna uku. In kuna kan DStv akwai tsarinsu na XtraView da ke haɗa dikoda har uku a kan biyan kuɗi ɗaya da ɗan ƙari, amma kowace dikoda sai an kai mata wayar dish tata, wato RG6, don haka tunda zaku taɓa bango a ja wannan wayar tare da ta intanet zuwa bayan kowace talabijin. Kar ki yarda a ce za'a ja doguwar HDMI (wayar da ke kai hoto daga dikoda zuwa talabijin) daga falo zuwa ɗaki, in ta wuce mita 10 zuwa 15 sai hoto ya fara ƙyaftawa, akwai 'yan na'urori da ke ɗora HDMI a kan Cat6 in har ana buƙata.

In kuma finafinanki a YouTube suke, kamar yadda da yawa cikin namu na Hausa suka koma, to talabijin mai intanet ta ishe ki, sai dai ki sa ido kan data. Netflix da kansu sun ce hoto mai kyau na HD yana iya cin gigabayit 3 a awa, 4K kuma har 7. Yara biyu da katun ranar Asabar, kafin la'asar an gama da kuɗin wata. Ki shiga saitin ki sauke ingancin hoton a talabijin ɗin yara, wallahi basu ma lura.

Na karatun ya fi sauƙi kuma ni ya fi burge ni. Ƙaramar amfilifaya ɗaya a falo, sifikar silin ɗaya a kicin, ɗaya a baranda mai jure ruwa, wayar sifika mai silli biyu 1.5mm, sai a sa wa kowane wuri makunnin rage murya a bango kusa da na fitila. Wannan makunnin kar a bar shi, in ba haka ba ranar da jariri ke barci ko maigida ya yi baƙi sai dai a kashe gaba ɗaya. Ta kicin a nisanta ta da murhu saboda tiriri da maiƙo. Bluetooth na yi amma kamar mita 10 ne iyakarsa, kuma kira na shigowa tafsiri ya tsaya, kowa a gidan ya ji gaisuwarki da ƙanwarki.

Yallaɓai ina son gidana ya zama irin wanda ake kunna komai da waya, fitila, AC, get, labule, har ƙofa. Daga ina zan fara? — Wani ango mai jiran gado, Barnawa

Allah ya sanya alheri ango. Ka fara daga tankin ruwa. Da gaske nake, ɗan makunnin nan mai yawo a cikin tanki da ke kashe sumo in ruwa ya cika, ya fi duk labulen da zaka buɗe da murya amfani, gida nawa ka wuce a Barnawa ka ga ruwa na kwarara daga saman tanki har titi saboda an manta? Sai fitilun katanga, a sa musu na'urar da ke kunna su da magariba ta kashe da asuba. Waɗannan biyun basu buƙatar data ko manhaja.

Sauran kuma sharaɗi ɗaya nake ba kowa: duk abin da za'a kunna da waya dole ya kunnu da hannu. Ranar da Hajiya babba ta zo kwana biyu bai kamata ta zauna cikin duhu tana jiran ka dawo daga aiki ba. Yawancin makunnai masu araha irin su Sonoff da masu aiki da manhajar Tuya, in ta waifai suke, umarninka kan fita ta intanet ne ya dawo, data na ƙarewa ko sabis ya yi rauni sai ka ga kana danna waya fitila na kallonka. Masu aiki da Zigbee (wata hanyar sadarwa ce ta na'urori ba waifai ba) da ɗan akwatinsu na cikin gida sun fi haƙuri da irin yanayinmu. Abin da zaka gaya wa mai wayarin tun yanzu shi ne ya sauke wayar nutural (abokiyar layif mai kawo wuta) a kowane akwatin makunni kuma ya sa akwati mai zurfi, don a wayarin ɗinmu na yau da kullum layif kawai ake saukewa, su kuma yawancin waɗannan makunnan sai da nutural. AC da hita kar ka ɗora su kan ƙaramin makunni mai amfiya 10, zai narke, a nemi mai 20 ko a sa kontakta (makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi). Makullin ƙofa mai lambobi ka sayi wanda ke da ramin ɗan makulli, batir baya sallama kafin ya mutu.

Kyamara kuwa waje kawai, get da katanga da wajen ajiye mota. Ba'a sa ta a tsakar gidan mata ko falon iyali, kuma kar ta leƙa gidan maƙwabci. Ka canza lambar sirrin da ta zo da ita a ranar farko, kai da kanka, bayan mai haɗawa ya tafi.

Malam ni haya nake a Tudun Wada, mai gida ba zai yarda a fasa bango ba, kuma sabis ɗin waifai baya kai ɗakin ciki. — Wani ɗalibi

Ɗan'uwa kar ka taɓa masa bango. Da farko ka ciro rautar daga bayan talabijin ka ɗora ta sama, a fili, wajen tsakiyar gida, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In bai isa ba ka sayi Cat6 mita 15 ko 20 wadda aka riga aka sa wa kai, ka bi da ita ta gindin bango cikin 'yar farar kwatar roba mai mannewa, ta ƙarƙashin ƙofa, ka jona wata tsohuwar rauta a ɗakin cikin, ka shiga saitinta ka kashe mata DHCP (mai raba wa na'urori adireshi) ka ba ta suna da lambar sirri irin na babbar. Ranar tashi ka naɗe wayarka ka sa a jaka.