Tambaya da Amsa: Gidan zama ga masu taɓin hankali da ke kwana a titunan Yamai

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu ƴan kasuwa ne a Wadata, muna da asusun da muke zubi duk wata. Akwai bayin Allah masu taɓin hankali da ke kwana a bakin tasha shekara da shekaru. Muna ba su abinci, amma yanzu muna so mu kama musu gidan haya. Ta ina za mu fara? (Wani Alhaji daga Wadata)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri. Kada ku fara da neman gida, ku fara da sanin mutanen. Ku ware mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙa zuwa wurinsu kullum a lokaci guda, ya zauna, ya tambayi suna da gari da dangi, ko da zai ɗauki mako shida kafin a sake da shi. Sai a tambayi kowa ko yana son ɗaki. Wanda aka jefa a mota da ƙarfi, ranar da ya ga ƙofa a buɗe zai koma tasha, kuma ba zai sake yarda da ku ba.

Wanda ya amince, a kai shi sashen masu taɓin hankali na Babban Asibitin Ƙasa, wanda mutanen Yamai suka sani da Pavillon E. Ba ciwo ɗaya ke damunsu ba: wani farfaɗiya ce, wani tramol ne, wani ruɗewar tsufa. A duba gyambo, a kuma auna majinar duk mai tarin da ya wuce mako biyu, don kada mai tarin fuka ya shafa wa abokin ɗakinsa.

Kada ku ce sai mutum ya warke za a ba shi ɗaki. Mai kwana a tasha ba shi da inda zai ajiye ƙwaya, ba ya barci saboda tsoron duka da sata, rashin barcin kuma shi ke ƙara tayar da ciwon. Wannan ne ya sa wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Sam Tsemberis ya fara ba irin waɗannan mutane gida tun farko a New York a 1992, magani ya biyo baya. Faransa ta gwada tsarin daga 2011 a Paris, Marseille, Lille da Toulouse, kuma mafi yawan waɗanda aka ba gidajen sun ci gaba da zama a ciki.

Gidan ya zama ƙarami, mutum 6 zuwa 8, maza daban mata daban. Gidan haya mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya ya wadatar. Kowa da ɗakinsa, ko biyu a ɗaki in sun yarda da juna, kuma makulli a hannun mai ɗakin. Muna nanata wannan, domin da zarar makulli ya koma aljihun mai gadi, gidan ya zama kurkuku. Ku guji kwari da bakin kogi, kun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi. A rufe rijiya in akwai, butalin gas ya zauna a madafa, a samu rumfa ko itace mai inuwa, gidan likita na unguwa kuma ya zama na tafiyar ƙafa.

Ku gaya wa mai gidan gaskiyar waɗanda za su zauna, a rubuta yarjejeniya da sunan ƙungiya. Ku je wurin mai unguwa da liman kafin a shigo da tabarma ko ɗaya; maƙwabcin da aka nemi shawararsa shi ne zai kira ku in wani ya fita da dare. Ana buƙatar mai kula da ke kwana a gidan, da wanda zai canje shi ya huta, da ma'aikacin jinya mai zuwa ko sau ɗaya a mako. Ma'aikaci ɗaya kada ya riƙe fiye da mutum 10.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne yankewar kuɗi bayan zumuɗin farko ya kwanta. Magani ya ƙare, ciwo ya dawo cikin makonni ko ƴan watanni, maƙwabta su tsorata, mai gida ya ba da wa'adi. Don haka kada ku buɗe sai kuna da kuɗin wata 12 na haya, ruwa, wuta, abinci da albashi, da ajiyar magani ta wata 3. In abin da kuka tara na mutum huɗu ne, ku ɗauki huɗu. Ku nemi izinin ƙungiya daga ma'aikatar cikin gida, kuɗi su zauna a banki, ba sa fita sai da sa hannun mutum biyu. Wanda ya fara samun na kansa cikin mazauna gidan, ya ba da kuɗin haya da bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da yake samu ba. Mai biyan haya yana jin ɗakin nasa ne.

Tambaya: Na ba ƙanena ɗaki a gidana, ana yi masa allura duk wata. Ya natsu, amma jikinsa ya sanƙare, hannu na rawa, yawu na zuba. Dangi sun ce in daina allurar in riƙa kulle shi. (Wata Hajiya daga Talaje)

Amsa: Hajiya, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Abin da kika gani sananne ne ga magunguna irin su haloperidol da fluphenazine, ba aikin iska ba ne, ba kuma ciwon ne ya ƙaru ba. Ki mai da shi wurin likitan cikin makon nan: zai rage yawan allurar, ko ya ƙara masa trihexyphenidyl, wanda aka fi sani da Artane. Ki riƙe ƙwayoyin da kanki da ƙirge, don matasa na neman su don maye. Kada ki tsayar da allurar da ra'ayin dangi.

Ki kula sosai a watan Afrilu da Mayu. Waɗannan magunguna suna rage wa jiki iya jure zafi, ɗakin kwano da rana kuwa tanda ne. Ya wuni a inuwa, randa kusa da shi. In zazzaɓi mai tsanani ya haɗu da sanƙarewa da ruɗewa, a tafi asibiti a take, ko tsakar dare ne.

Kullewa da ɗauri da mari suna cin ƙafa, suna kuma karya zuciya. Grégoire Ahongbonon, tsohon mai facin taya da ya kafa ƙungiyar Saint Camille a Bouaké ta Kodebuwa, ya shafe shekaru yana kwance mutane daga mari, wasunsu yau su ke jinyar wasu. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana allura, a haɗa su. Ki ba shi aikin yi, ko ban ruwan tumaki ne, ya kuma ci abinci cikin jama'a.

Tambaya: In mutum ya ƙi shan magani ko ya shigo da tramol, a kore shi? (Wani matashi daga Bukoki)

Amsa: A'a, ɗan'uwa. A tambaye shi dalili tukuna, sau da yawa nauyin jiki ko yawan barci ne ya ishe shi, likita kuma na iya canza maganin. Dokokin gida su zama kaɗan: ba duka, ba makami, ba sayar da ƙwaya, ba wuta a ɗaki. Wanda ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, a kai shi asibiti, a gaya masa ɗakinsa da kayansa na nan suna jiransa, a kuma je dubiya ko sau biyu a mako har a sallame shi.