Amsa ga Kawuna Game da Allah Ɗaya da Taron Nikiya

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Saƙonka ya same ni a nan Roma, kuma na karanta tambayar da ka yi mini a kan abin da ka ji a wurin wa'azi, wato wai mu Katolika alloli uku muke bauta wa, kuma wai wani sarki mai suna Konstantin ne ya zauna ya tsara mana wannan aƙida. Tun da ka tambaye ni da zuciya ɗaya, ya wajaba in amsa maka yadda muka sani, ba tare da na ɓoye inda muka bambanta da kai ba.

Kowace Lahadi, idan muka taru a coci, mu 'yan tsirarun Hausawa da ke nan tare da Italiyawa da sauran baƙi, akwai wata shaidar bangaskiya da muke miƙewa tsaye mu faɗa baki ɗaya, kuma kalmominta na farko su ne cewa mun gaskata da Allah ɗaya. Koyarwarmu ita ce zatin Allah ɗaya ne, ba ya rabuwa, amma shi Uba ne da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kalmar Ɗa a wurinmu ba ta nufin aure ko haihuwa irin ta 'yan'adam. Tana nufin Kalmar Allah wadda take tare da shi tun fil'azal, wadda ta zama mutum a cikin Yesu Almasihu. Na san a nan ne hanyarka da tawa suka rabu, amma rabuwar a kan wane ne Yesu take, domin babu Bakatolike da ke ƙidaya alloli.

Batun Konstantin kuwa yana buƙatar tarihi. Kusan shekara 300 Kiristoci suka yi ba su da sarki a bayansu. Bayan gobarar Roma ta shekarar 64, Sarki Nero ya ɗora musu laifi, kuma a zamaninsa aka kashe manzanni Bitrus da Bulus a wannan birni. A cikin wannan zamani na tsanantawa ne Ignatiyus, bishof na Antakiya, ya fara rubuta kalmar Katolika, wadda a Girkanci take nufin gama-gari, yana kan hanyarsa ta zuwa Roma inda aka kashe shi a farkon ƙarni na 2. Kalmar Triniti ma, wato Allah ɗaya Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ɗan Afirka ne, Tatuliyan na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi amfani da ita a Latin wajen shekarar 200, fiye da shekara 100 kafin taron Nikiya da Konstantin ya kira. Sai a 313 aka ba Kiristoci 'yancin ibada.

Abin da ya jawo taron Nikiya a 325, a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, shi ne wani limamin coci na Iskandariya mai suna Ariyus, wanda ya koyar cewa Ɗan, wato Yesu, halitta ne, kuma akwai lokacin da babu shi. Rigima ta cika gabashin daular Roma, Konstantin kuma, wanda zaman lafiyar ƙasarsa ya fi damunsa, ya tara bishof-bishof kimanin 300 su sasanta. Suka yanke cewa Ɗan zatinsa ɗaya ne da Uban, kuma biyu kawai daga cikinsu suka ƙi sa hannu. Ga abin da masu ba da wannan labari suka cika tsallakewa: bayan taron, fadar sarki ta karkata ga ɓangaren Ariyus. Bishof ɗin da ya yi wa Konstantin baftisma gab da mutuwarsa a 337 mai goyon bayan Ariyus ne, ɗansa Konstantiyus ya tsaya wa wannan ɓangare, Atanasiyus, bishof na Iskandariya, kuwa, wanda ya kafe a kan matsayar Nikiya, sau biyar aka kore shi daga kujerarsa. A ganina, da ikon sarauta ne ke yanke aƙida, da yau koyarwar Ariyus muke faɗa ranar Lahadi. Taron Kustantiniya na 381 ne ya sake tabbatar da matsayar, ya kuma ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki.

Ka kuma tambaya game da Maryamu, saboda hoton da na aiko na matata tana durƙushe a gaban siffarta. Ba ma yi mata sujada, domin sujada ta Allah ce shi kaɗai. Muna girmama ta, muna roƙon ta sa mu a addu'a, kamar yadda a gida mutum kan je wurin dattijo mai tsoron Allah ya ce a sa shi a addu'a. Laƙabin Uwar Allah, wanda na san yana da nauyi a kunnenka, taron Afisa na 431 ne ya tabbatar da shi, kuma manufarsa ita ce a ce wanda ta haifa mutum ne kuma Allah ne a lokaci guda. Ba a nufin ta riga Allah kasancewa.

Bayan shekara 20, a taron Kalsidon na 451, aka ce Almasihu ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta allahntaka da ta mutuntaka. Cocin Kibɗawan Masar bai karɓi wannan lafazi ba, Habashawa ma suka bi su, shi ya sa maƙwabtanmu Habashawa 'yan Otodoks na nan Roma suke da nasu coci da nasu kalandar azumi, ko da yake da mu da su duk shaidar bangaskiya ta Nikiya, wadda na ambata a farko, muke faɗa.

Ka gai da Inna da yara. Idan Allah ya kawo ka, zan kai ka makabartun ƙarƙashin ƙasa da ke kan tsohuwar hanyar Appiya, ka ga zane-zanen kifi da na makiyayi da Kiristocin ƙarni na 3 suka bari a jikin bango.