Jijiya ko agara? Amsa ga wani mahauci daga Maigatari

Wani mahauci daga Maigatari ya aiko cewa ɗansa ya karanta masa a waya wai ana ciro sinadarin kolajin daga "jijiyar barewa", shi kuma yana son sanin wace jijiya ce, kuma barewar tamu ta daji ake nufi?

To Malam, kalmar jijiya ta ɗauko kaya da yawa a Hausa, hanyar da jini ke bi jijiya ce, wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya ce, wanda ya fusata ma mu ce ya ta da jijiyoyin wuya. Amma wadda ake magana a kai ita ce farar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka da ƙashi, kuma ku mahauta kuna da sunanta tun tuni, agara, musamman ta bayan ƙafa. Ni dai da agara aka rubuta da ba ka sha wahalar tambaya ba.

Shi kolajin ɗin ba baƙonka ba ne. In an dafa ƙafar saniya ta dahu luguf, romon ya huce ya daskare yana rawa a kwano, to shi ne ya narke. Yana nan a ganda, yana ƙashi, agara kuwa in ta bushe yawancinta shi ne. Masu haɗa magunguna da man shafawa sun fi samunsa daga shanu da alade, alade ka san matsayinsa a wajenmu, shanu kuma tun da cutar haukar shanu ta ɓulla a Ingila a 1986 ake ɗari-ɗari da su, shi ya sa ake duba kifi da wasu dabbobin.

Batun barewa kuwa aro ne masu fassara suka yi. Waccan dabbar da ake nufi, wadda Turawa ke kira deer, babu ita a dajinmu, ƙahonta rassa-rassa ne kuma namijin yana zubar da shi duk shekara wani ya fito, tamu kuwa nata na nan har ta mutu. Larabawa ma sun raba su, tamu gazal waccan ayyil. A ƙasar Niyuzilan kiwon waccan ake yi a gona ana fitar da naman waje, agarar ragowar mahauta ce, ba farauta ake shiga ba. Saboda haka wadda ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wato ɗa halin iyayensa yake ɗauka, tamu ce.

Sai tambayarka kan halaccin kolajin in ba Musulmi ne ya yanka dabbar ba, wannan kam sai malaman fiƙihu.