Injin da yake juyawa tare da farfelarsa

Ka tambaye ni, ɗana, ko mai zanen nan da ke rataye a bangon ofis ya yi kuskure ne, tunda ba ka ga lagireto ba, ba ka ga salansa ba, ga silinda bakwai sun baje kamar tauraro. Babu kuskure ko ɗaya. Sauko da shi, amma goge hannunka tukuna, baƙin mai ba ya fita daga takarda.

Injin jirgin sama ne, sunansa Gnome Omega. Wa da ƙane, Louis da Laurent Séguin, su suka ƙera shi a Faransa, ya fara tashi da jirgi a 1909. Ƙarfin doki 50 ne, nauyinsa wajen kilo 75. Duk injin da ka taɓa kwancewa a garejin nan, gangar jikinsa a tsaye take, karanshaf ke juyawa a ciki. Wannan kuwa karanshaf ɗin aka ɗaure tamau a jikin jirgi, silindojin da gidansu su ke wulwulawa, sau 1,200 a minti. Dubi nan gaba: da gidan injin aka haɗa farfela. Shi ya sa babu lagireto, domin silindojin na sha wa kansu iska ko jirgi yana tsaye a ƙasa. Fulawil ma ba a sa masa ba, nauyin injin ya isa.

Yanzu kawo yatsanka tsakiyar karanshaf. Waɗannan ƙananan layuka masu karkata, ma'anarsu ƙarfe ne aka yanka ake nuna maka cikinsa. Inda aka bari fari, rami ne. Ka ga fari a tsakiya? To, karanshaf ɗin bututu ne. Fetur da iska ta nan suke bi daga kafireto da ke baya, su cika gidan injin, sannan su haura cikin silinda ta wani bawul da ke bisa kan fistin ɗin kansa. Dabara ce mai kyau a takarda, amma bakanike ya sha wuya da ita, don in bawul ɗin ya maƙale sai an cire silinda kafin a kai gare shi. A 1913 kamfanin ya fito da samfurin Monosoupape, ya yar da wannan bawul.

Wurin taruwar baƙin mai ma kada ka nema. Man zurma suke sawa, saboda fetur ba ya tsinka shi. Ya bi ta injin sau ɗaya, ya fita ta bawul ɗin hayaƙi, ya fantsama a fuskar matuƙi. Silinda bakwai ɗin kuma ba ado ba ne: wuta na tsallake ɗaya ta kama ɗaya, 1, 3, 5, 7, 2, 4, 6, kuma wannan lissafi ba ya tafiya daidai sai adadin ya zama mara.

Masu sayar da irin wannan zane don ƙawata ɗaki sukan cakuɗa shi da injin tauraro wanda silindojinsa ke tsaye, wani lokaci har da na Felix Wankel da ke cikin Mazda RX-7, alhali yadda suke aiki daban ne. Ni dai zanen da aka rina ruwan ƙasa don ya yi kama da tsoho, aka goge lambobin awo, ba na ba shi wuri a bangona.

Abin da ya kashe injin nauyinsa ne mai juyawa. Jirgin yaƙin Ingila, Sopwith Camel, mai injin Clerget na doki 130, wanda shi ma mai juyawa ne, yana fizgar kwana ta dama, ta hagu kuwa sai ya yi nawa, kuma sababbin matuƙa da yawa sun hallaka a kansa tun wajen koyo. In aka ƙara girman injin, fizgar ta ƙaru, ga shan mai. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare a 1918, masu ƙera jirage suka koma wa injin da silindojinsa ke tsaye.