Yaƙin Joshuwa ya ba mu izinin ramuwa?

Tambaya: Baba Fasto, tun bayan harin da aka kai ƙauyenmu, ƙanena yake cewa Allahn da ya sa Joshuwa ya hallaka Yariko ya ba mu izinin ramawa. Yesu kuwa ya ce mu ƙaunaci magabtanmu. Ina tsoron abin da yaron nan zai aikata. Me zan faɗa masa?

Amsa: 'Yata, Allah ya ta'azantar da ku. Ayoyin yaƙin Joshuwa masu nauyi ne, ba zan sassauta miki su ba, amma umarnin yana da iyaka. Ƙasa ɗaya ce, Kan'ana, da al'ummai bakwai da aka ambata da sunansu a Maimaitawar Shari'a 7:1. A Farawa 15:16 Allah ya jinkirta hukuncin mutanen ƙasar har tsara ta huɗu. Maimaitawar Shari'a 9:5 ta ce ba don adalcin Isra'ila aka ba su ƙasar ba, shi ya sa da suka bi hanyar Kan'aniyawa birninsu Samariya ya faɗi a shekara ta 722, Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu. Dawuda ma, jinin da ya zubar ya hana shi gina Haikali (1 Tarihi 22:8).

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu hawa bagade suna kiran maƙwabtanmu "Amalekawa", wato magabtan Isra'ila na Tsohon Alkawari, suna cewa mun juya kumatu biyu, ba mu da na uku. Wa ya aike su? Wane annabi ne ya kawo musu sunan wata kabila? Sai su ɗauko Luka 22:36, inda Yesu ya ce a sayi takobi, su tsaya nan. Ki sa ƙanenki ya ci gaba da karatu. Aya ta 37 ta ba da dalili: a cika annabcin Ishaya 53:12, a lasafta shi cikin masu laifi. A ta 38 aka nuna takuba biyu, ya ce ya isa. Takuba biyu ga almajirai goma sha ɗaya, wannan shirin yaƙi ne? A daren nan Bitrus ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya warkar da shi, ya ce wa Bitrus ya mayar da takobinsa kube (Yohanna 18:11). Da Yakubu da Yohanna suka nemi wuta ta sauko wa wani ƙauyen Samariyawa, tsawata musu ya yi (Luka 9:54-55). Masu wannan wa'azi 'ya'yan wasu suke turawa, nasu suna makaranta a birni.

Tsare iyalinka lokacin da ake kawo hari daban ne da tashi bayan kwana uku ka ƙone rugar da ba ta san komai ba. Romawa 12:19 ta hana mu ramuwa, 13:4 ta ɗora hukunci a wuyan hukuma, don haka matsa wa hukuma lamba haƙƙinku ne. Ku rubuta sunayen waɗanda aka kashe da ranar harin, dattawan ikilisiya su kai wa 'yan sanda da sarki a rubuce. Kada ki bar ƙanenki shi kaɗai da baƙin cikinsa. Ki kai shi wurin fastonku a makon nan, ku karanta Luka 22 tare daga aya ta 35 zuwa ta 53.