Kada ka bari a cire maka tamostat ɗin nan, fara jera shi da tsohon ka gani

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Wallahi ina karanta tambayarka gabana yana faɗuwa, don kamar labarina ka kwashe ka rubuta. Ka ce ka sa sabon tamostat, ɗan abin nan da ke buɗe wa ruwan inji hanya zuwa lagireto in ya yi zafi, a tsohuwar babbar motarka mai shan gas, in tana silo lafiya lau, amma da ka ɗora lodi ka kama hawa sai allurar zafi ta nufi ja, ga ruwa yana tsattsafowa ta bakin gidan da tamostat ɗin ke zama, bakanikenka kuma ya ce a cire a jefar tunda dama ba shi da wani amfani. Don girman Allah ka dakata. Kada ka cire, kuma kada ka sake ɗora mata kaya sai ka buɗe gidan nan ka gani da idonka. Tsohon da aka ciro yana ina? In bai ɓace ba, nemo shi yanzu, shi ne zai raba gardama.

Tawa mai silinda shida ce, mun daɗe tare, na san kukanta kamar yadda na san muryar 'ya'yana. Tamostat ɗinta na asali ya maƙale a buɗe, allura ba ta ɗagawa ko na yi tafiyar awa guda, da safe ta yi ta zuba farin hayaƙi, mai kuma tana sha kamar an huda tankin. Na kai ta wurin mutumin da ya shekara da shekaru yana taɓa min ita. Ya ce in bar masa, shi zai sayo ya ɗaura. Na ba shi makulli na tafi uzurina. Laifina ke nan, kuma ba na ɓoye shi, aikin da bai wuce awa ɗaya ba na kasa tsayawa a kansa.

Kwana biyu ina yawo da ita ba kaya, ban ga komai ba. Dare na uku na ɗauko cikakken lodi, na shiga wani dogon hawa wanda ba shi da gefen da za ka raɓe. Hancina ne ya fara ji kafin idona, wannan warin ruwan lagireto in ya ɗau zafi. Na leƙa mita, allura ta wuce rabi tana tafiya a hankali kamar hannun agogo. Na sauke giya, na ce ko fanka za ta ƙara juyi ta taimaka. Ina! Ga motoci a bayana, ga rami a dama, in na tsaya a nan da wannan nauyi sai abin da Allah Ya yi. Haka na lallaɓa ta ina salati har muka kai kan tudu, kuma na san a waɗannan 'yan mintuna ne na kashe injin da hannuna. Ina tsayawa tururi ya turnuƙe gilashi. Yaron motata ya dira da tsumma zai murɗe murfin lagireto, na fizgo rigarsa har ta yage. Abu ɗaya ke nan da na yi daidai a daren, don da ya buɗe, da fuskarsa ta saluɓe. Muka zauna a kan dutse muna jin ƙarfe yana ƙas-ƙas yana hucewa, ba mai ce wa kowa uffan. Da ta huce muka zuba ruwa na tayar, sai ga kumfa tana ɓulɓulowa daga bakin lagireto, salansa na fitar da farin tururi mai kauri. Na zaro sandar baƙin mai na haska da tocila, man ya koma fari-fari kamar an dama shi da toka. A nan na zauna a ƙasa, ni da girmana, hawaye ya zo min. Kwana biyu muka yi a wurin kafin janwe ya zo, mai kaya yana kira yana faɗa min maganganun da ko a mafarki ban zaci zai faɗa min ba.

A wani garejin aka sauke kan injin, gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan da jikin inji, ta ƙone tsakanin silinda biyu, kan kansa ya ɗan lanƙwashe sai da aka kai aka goge shi. Dattijon da ya yi aikin ne ya ce a kwance gidan tamostat mu gani. Ɗan'uwa, abin da muka tarar har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wani ɗan guntun tamostat ne na ƙaramar mota, faɗin bakinsa ya yi daidai, shi ke nan. Na asalin yana da doguwar ƙafa da wani faifai a gindinta, wannan ba shi da shi. Kunnen gidan kuma, inda kusa ke shiga, ya tsage, an shafe tsagar da gam an goge don kada a gani. Na koma wurin mutumin da su a hannuna. Ka san me ya ce? Wai ai tamostat duk tamostat ne, wai ni ne na cika ta da kaya. Ko "yi haƙuri" bai ce ba. Mutumin da ban taɓa yi masa cinikin aiki ba, abin da ya yanka shi nake biya. Kwana 19 motar ta yi a kafe. Na bar shi da Allah, amma ko gaisuwa ba na son ta haɗa mu.

To ga abin da dattijon nan ya nuna min, kuma ina zargin shi ne naka. A yawancin injinan gas akwai wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma famfo ba tare da ya je lagireto ba, don inji ya yi saurin ɗumi. In zafi ya kai, kakin da ke cikin tamostat ya narke ya kumbura, ya tura bakin sama ya buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda faifan gindin ya sauka ya toshe waccan gajeriyar hanyar. In babu faifan, ko ƙafar ta yi gajarta ba ta kai ramin ba, ruwa ba wawa ba ne, hanya mai sauƙi zai bi. Sai rabinsa ya yi ta zagaye a cikin inji da zafinsa. A silo ba ka gani, sai an sa ta aiki. Shi ya sa maganar a cire gaba ɗaya take ba ni tsoro, don a irin wannan injin in ka cire ka bar gajeriyar hanyar a wangale ne har abada. Wanda ma injinsa ba shi da wannan tsarin, in ya cire, injin ba ya kai zafin aikinsa, gas ba ya ƙonewa duka, yana wanke man jikin silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, ringi da silib, wato rigar ƙarfen cikin silinda, suna cinyewa a hankali. Masu cewa sun shekara goma ba tamostat, ka tambaye su sau nawa suka sauke inji.

Jera sabon da tsohon a kan benci. Tsawo, faɗi, faifai, da lambar da aka buga a jiki. Mafi yawa za ka ga 82, wasu 79 ko 88, ma'ana digirin da yake fara buɗewa ke nan, kuma ba ya gama buɗewa sai zafi ya ƙaru da kamar digiri 10 zuwa 15. Kada ka ce bari in sa mai ƙaramar lamba don mota ta yi sanyi, in lagireto a toshe take lamba ba ta hana tafasa, jinkirta ta kawai take yi. Sabo ma ina gwada shi yanzu, don na taɓa fitar da ɗaya daga kwali bai motsa ba sam. Ɗaure shi da waya ka rataya a tukunyar ruwa kan wuta, kada ya taɓa gindin tukunyar, ka sa ma'aunin zafi ka zuba ido. Ka ga ya buɗe sosai, ka sauke ka ga ya rufe ruf da ya huce.

Ruwan da ke tsattsafo maka kuwa, ka duba gidan a cikin haske, ka wanke gam ɗin tas. Akwai ɗan zagayayyen gurbi da bakin tamostat yake zama a ciki. In ya zame daga gurbin lokacin da ake kifa murfi, aka ɗaure kusoshi a haka, alminiyom ba ya haƙuri, kunnen ne zai tsage. Yadda nawa ya tsage ke nan. Kankare tsohuwar gasket da tsatsa har fuskar ta yi sumul, amma toshe ramin da tsumma tukuna kada datti ya faɗa, kuma ka tuna ka cire tsumman, kada ka yi dariya, an yi. In na zoben roba ne, ba ya son gam ko kaɗan, sabon zobe kawai. Kusoshin ka fara shigar da su da yatsu, ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan nan da can, masu kan sifana 13 ɗin nan wajen 25 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri ya ishe su, ba wurin gwada ƙarfi ba ne. Ɓangaren sifirin yana kallon cikin inji, in aka juya shi kakin ba ya jin zafin da wuri. In yana da ɗan rami mai ƙaramin ƙarfe yana lilo, kuma a tsaye yake zama, ramin nan ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Af, iska. Wannan ma kaɗai tana iya sa allura ta yi ta hawa da sauka. Zuba ruwa a hankali, in akwai kusar fitar da iska ka sassauta ta har ruwa zalla ya fito, in hita tana aiki ka buɗe ta, ka bar inji a silo murfi a buɗe, hannunka a kan tiyon sama. Zai zauna da sanyi, sai ka ji zafi ya zo masa farat ɗaya, to ya buɗe ke nan, ruwan zai faɗa, ka cika. Ba ka faɗi sunan injinka ba. In irin Cummins 855 ne, akwai sil, wani zobe mai hana ruwa wucewa, a cikin gidan, wanda tamostat ke shiga cikinsa, tare ake canza su. In mai tamostat biyu ne, duka biyun za ka canza, kada ka bar tsoho ɗaya.

Murfin lagireto ma mutane sun raina shi. Mai 0.9 bar, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa, yana kai tafasar ruwa wajen digiri 118, in robarsa ta mutu ka koma 100. Ni nawa a wancan daren tsoho ne, wataƙila da sabo ne da ya ba ni 'yan mintunan da nake nema. Kuma ka daina zuba mata ruwa zalla, dattijon ya nuna min wani silib da ya ciro daga wata motar, bayansa duk ƙananan huji kamar gara ta ci, rashin maganin ruwa ne ya jawo.

Kafin ma ka kwance komai, da safe inji da sanyi, buɗe murfi ka tayar ka leƙa. In ka ga kumfa tana tasowa ba tsayawa, ko da ka mayar da murfin tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumama ba, to gasket ta riga ta fara tafiya, ka kashe ta a nan inda take. In ba kumfa, ka gode wa Allah, ka ciro tamostat ɗin ka ɗauko mana hotonsa kusa da tsohon, ta gefe, yadda ƙafar da faifan za su fito.