Amsoshinku: ƙaramar kyamarar Canon EOS R50 da rigimar jabun memori

Mako guda kyamarar nan ta yi a hannuna, aro daga wani abokina mai shagon hoto, kuma yawancin saƙonninku na wannan karon a kanta suke.

Wani ma'aikaci daga Zariya ya rubuto: "Malam, shekara uku ina ɗaukar hoto da waya. Yanzu ina son kyamara ta sosai wadda ba za ta yi mini nauyi ba. Ya ka ga R50?"

Ɗan'uwa, abin da ya fara ba ni mamaki rashin nauyinta ne. Giram 375 ce, har da batir da memori. Dalili kuwa an cire madubin nan da ke cikin tsofaffin manyan kyamarori, wanda ke turo hoto zuwa tagar leƙe. Yanzu ɗan ƙaramin allo ne a tagar, yana nuna maka hasken hoton yadda zai fito tun kafin ka latsa. Ga mai koyo wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Na biyu, kamun ido, wato yadda take saita kanta a kan idon mutum don ya fito tas a hoto. 'Yar ƙanena tana ta guje-guje a tsakar gida, ɗan akwatin da ke kan allo ya manne wa idonta bai saki ba, har da ta juya ta sake waiwayowa.

Amma mariƙinta ƙarami ne, ɗan yatsana na ƙarshe a iska yake rataye. Gilashin da ake haɗo ta da shi, mai 18-45mm, da rana lafiya lau. Da an yi magariba a cikin ɗaki sai hoton ya fara yashi-yashi, domin ba ya shigar da haske sosai. Jikin kyamarar kuma ba shi da abin rage rawar hannu, sai wanda ke cikin gilashi. In da hali, ka ƙara da gilashin RF 50mm f/1.8 saboda hoton mutane, sai dai a ƙuntataccen ɗaki za ka yi ta ja da baya. Da ta fito a 2023, dala 799 aka sa mata a Amurka tare da gilashinta. Ka san yadda dala take, ka yi lissafinka kafin ka shiga kasuwa.

Wani kuma cewa ya yi: "Wayata megafiksel 108 ce, kyamarar 24. Ashe ba wayata ta fi ba?"

Wannan tambaya na gaji da ita. Abin da ke karɓar haske a cikin R50 faɗinsa ya kai milimita 22 da 'yan kai, tsayinsa kusan 15. Na yawancin wayoyi bai kai farcen ɗan yatsa ba. Girman nan shi ne magana, ba lambar da aka buga a kwali ba. In wayarka ta ishe ka, riƙe kuɗinka.

Saƙon da ya fi tsaya mini a rai na wata baiwar Allah ne daga Katsina: "Yaya, kuɗin adashina na shekara guda nake so in sa, in riƙa ɗaukar hoton kamu da walimar mata. Mai shagon ya ce zai ba ni kyautar ƙarin batir da memori 128GB. Gabana faɗuwa yake, kada a cuce ni."

Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Shawarar da kika yanke mai kyau ce, domin gidaje da yawa sun fi son mace ta shiga cikin mata da kyamara. Faɗuwar gaban nan kuma ita za ta tsare miki dukiyarki. Sai dai kyautar nan ita ce ban yarda da ita ba.

Jabun memori ya cika gari. Ana ɗaukar mai ƙaramin ciki, a yi masa dabara ya riƙa nuna 128GB, a manna masa takardar babban kamfani. Hotunan farko za su shiga lafiya, ki duba ki gani, ki saki jiki. Da ainihin cikinsa ya cika, sai sababbi su riƙa hawa kan tsofaffi ko su ɓace, kyamara kuwa tana ta ƙirga miki kamar ba komai. Na taɓa zama da wani yaro da ya dawo daga ɗaurin aure, muka buɗe memorinsa a kwamfuta: sunayen hotuna jere, amma in an latsa sai baƙin allo. Hannunsa rawa yake, ya rasa abin da zai je ya gaya wa uban amarya. Biki ba a maimaita shi. Kuma R50 ramin memori ɗaya gare ta, babu na biyu da zai ajiye miki kwafi. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya zuba dubban ɗaruruwa a kyamara, sannan ya tsaya cinikin memori a bakin titi don ya rage kuɗin da bai kai na cefanen kwana biyu ba. Araha ba ta ado. Ki sayi guda biyu masu 64GB a wurin da za a ba ki rasit, ki sa a gwada su da manhajar H2testw, wadda ke cika memori dam sannan ta karanta ta faɗi gaskiyar cikinsa. Kada ki je aikin kowa da memorin da ba a gwada ba.

Batir ma haka. Nata LP-E17 ne, ƙarami, ba ya kai yini guda na biki, don haka na biyu dole ne, balle da halin wutarmu. Ki sa na kyautar a kyamara a gaban mai shagon. In ta fito da saƙo tana tambaya ko batirin na da tambarin Canon, to ba ta gane shi ba, kuma irinsa bai cika nuna ragowar caji daidai ba. Ana tsakiyar kamu sai ya ɗauke. Wanda ya fara kumburi saboda zafi, ki rabu da shi nan take, tun bai maƙale a ciki ba. Ki duba lambar da ke ƙasan kyamara ta yi daidai da ta kwali, ita ce kuma za a rubuta a rasit. Wani abu da masu shago ba sa faɗa: mazaunin filashinta sabon samfuri ne, tsofaffin filashi ba sa aiki a kai sai da adafta AD-E1. In za ki sayi filashi, a gwada miki ya haska a kanta kafin ki biya.

Na ƙarshe daga Maraɗi, yana tambaya ko ƙurar hunturu za ta yi mata illa. Za ta yi, in ka yi sakaci. Da ka cire gilashi, cikinta a buɗe yake, ba madubin da zai tare. Ka canza gilashi a ɗaki, kyamara a kashe, bakinta na kallon ƙasa. In ka ga ɗigo-ɗigo a hoton sararin sama, ka hura da ɗan famfon roba da ake sayarwa don haka. Kada ka hura da baki, kada kuma ka sa bakin riga.